Wasiyyi Tsakanin Fiƙihu da Al'ada: Nazarin Riƙon Dukiyar Mamaci Kafin Rabon Gado a Ƙasar Hausa

Tsakure

Galibin abin da ake karantarwa game da gado a ƙasar Hausa ya karkata ne ga lissafin rabo: wa ke da tumuni, wa ke da sudusi, wa aka shamakance. Wannan maƙala ta waiwayi wani zango da ba a cika kulawa da shi ba, wato tsakanin ranar da aka rufe mamaci da ranar da aka raba abin da ya bari. An dogara da littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, da dokokin Nijeriya, da kalmomi da karin maganar Hausawa. Maƙalar ta nuna cewa fiƙihu ya ɗora riƙon dukiyar marayu a kan wasiyyin da uba ya naɗa, al'ada kuwa ta ɗora shi a kan babban gida ba tare da naɗi ko shaida ba. A wannan giɓi ne dukiya ta fi salwanta. Saboda haka babban amfanin wasiyya ga Bahaushe shi ne naɗa wasiyyi da bayyana bashi da amana.

Muhimman kalmomi: wasiyya, wasiyyi, tarika, gado, marayu

1.0 Gabatarwa

A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, bayan an gama rufe mamaci, wani daga cikin dangi yakan ɗaga murya ya sanar cewa duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake bin sa, ya nemi wane. Wannan "wane" da aka ambata a bakin kabari shi ne zai riƙe makullin shago da takardun fili da wayar mamaci har zuwa ranar rabo. Sau da yawa mamacin bai zaɓe shi ba, alƙali bai naɗa shi ba, kuma babu wanda ya ƙirga abin da aka damƙa masa. Girmansa a cikin dangi shi ne hujjarsa.

Rabon kansa yakan ɗauki yini guda idan an samu malamin da ya san ilimin mirasi. Jiran rabon kuwa yana iya kai watanni, a wasu gidajen ma har sai marayu sun girma sun yi 'ya'ya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana matsayin mai riƙon dukiya a wannan tsakani, yadda fiƙihun Malikiyya ya tsara shi, yadda al'ada ta sarrafa shi, da kuma inda dokar ƙasa ta shigo.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar "wasiyya" Balarabiya ce da ta zauna a bakin Hausawa tare da 'yar'uwarta "wasici". Tana ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce gargaɗin bankwana, kamar uba ya hori 'ya'yansa da tsare salla da riƙon zumunci. Ta biyu ita ce umarnin da mutum ya bari game da dukiyarsa ko 'ya'yansa ƙanana, wanda ba ya fara aiki sai bayan rasuwarsa. A maganar yau da kullum ma'ana ta farko ta fi rinjaye. Idan aka ce "marigayi ya bar wasiyya", abin da ya fi zuwa zuciya shi ne kalaman da ya furta a kan gadon jinya.

"Wasiyyi" shi ne wanda aka naɗa ya zartar da wannan umarni. Ya bambanta da wakili, domin wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta, aikin wasiyyi kuwa da mutuwar yake farawa. Ya bambanta da magaji, domin magaji yana da rabo, wasiyyi amana kawai yake riƙe da ita, ko da yake mutum ɗaya yana iya haɗa matsayin biyu. Haka kuma ya bambanta da mariƙi, wanda ke renon yaro a gidansa. "Tarika" kuwa ita ce dukan abin da mamaci ya bari kafin a cire komai daga ciki. Hausawa sukan kira ta "gado" tun daga ranar rasuwa, alhali a fiƙihu gado shi ne abin da ya rage bayan an sauke wasu haƙƙoƙi.

3.0 Haƙƙoƙin da ke Kan Tarika

Muhtasar na Shehu Halil ya jera haƙƙoƙi biyar, kowanne yana gaban na bayansa. Na farko shi ne haƙƙin da ya rataya a kan wata kadara takamaimai, kamar gonar da aka jinginar. Na biyu kuɗin jana'iza gwargwadon abin da aka saba, wato likkafani da haƙar kabari da makamantansu. Na uku biyan bashi. Na huɗu zartar da wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Na biyar rabon magada. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi.

Ga misali na ƙirƙira don fayyace tsarin. Mutum ya rasu ya bar tarikar ₦10,000,000, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. An kashe ₦100,000 a jana'iza, ana bin sa ₦900,000. Abin da ya rage ₦9,000,000 ne, sulusinsa ₦3,000,000. Idan ya yi wasiyyar ₦4,000,000 ga wata makaranta, ₦3,000,000 za a zartar, sai fa idan magada sun yarda da ƙarin. Daga ₦6,000,000 da suka rage, matar tana da tumuni, wato ₦750,000. Sauran ₦5,250,000 za a kasa su 7: kowane namiji ya sami ₦1,500,000, kowace mace ₦750,000. Da an ɓoye bashin ko an manta da shi, da an lissafa sulusi a kan ₦9,900,000, kuma da kowane rabo ya ƙunshi haƙƙin wani. Malamin da ya yi lissafin bai yi kuskure ba, adadin da aka kawo masa ne gurɓatacce.

Tantance wannan adadi aiki ne mai wuya a gidan Bahaushe, saboda dukiyarsa a warwatse take. Akwai shanun da aka ba da kiwo a ruga, da zubin adashi, da jarin da aka ba yaron shago, da hatsin da ke rumbun wani ƙauye. A ɗaya ɓangaren akwai abin da ke hannun mamaci amma ba nasa ba: ajiyar mutane, kuɗin masallaci, kayan ɗakin matarsa, da dabbobinta da ke cikin garkensa. Ragowar sadakin da bai biya ba bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo. Hidimar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba ta cikin kuɗin jana'iza, don haka ba a ɗaukar ta daga rabon marayu.

4.0 Iyakokin Wasiyya

Shari'a ta yi wa wasiyyar dukiya iyaka biyu. Ta farko ita ce sulusi, kamar yadda ya tabbata a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kan kashi ɗaya cikin uku. Ta biyu ita ce ba a yi wa magaji wasiyya, domin an riga an yanka masa rabonsa. Abin da ya ƙetare waɗannan iyakoki ba ya zartuwa sai da yardar magada, kuma yardar baligi mai hankali ake nufi. Yaro ba shi da ikon yafewa, mai riƙon dukiyarsa ma ba shi da ikon yafewa a madadinsa.

Akwai mas'aloli uku da suka fi jawo husuma a gidaje. Ta farko ita ce kyautar da ba a karɓa ba. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka yi wa ita ya karɓe ta a hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya. Uban da ya ce "gidan nan na wance ne" amma ya ci gaba da zama a ciki da karɓar hayarsa har ya rasu, ya bar gidan a cikin tarika. Ta biyu ita ce kyautar da aka yi a ciwon ajali, wadda hukuncinta ke komawa cikin sulusi. Ta uku ita ce ta jikan da mahaifinsa ya rasu kafin kakansa, alhali kakan yana da ɗa namiji a raye. Wannan jika ba ya gado. Ƙasar Masar ta magance matsalar da dokar wasiyya ta 1946, wadda ta wajabta masa wani kaso. Malikiyyar da ake aiki da ita a ƙasar Hausa ta bar lamarin a hannun kakan: idan ya yi wa jikan wasiyya daga sulusi ya samu, idan ya yi shiru ya rasa.

Game da rubutu, hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da duk mai abin da zai yi wasiyya a kansa da kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Sai dai rubutu shi kaɗai bai wadatar ba. Muhtasar ya nuna cewa takardar da aka tsinta da rubutun hannun mamaci ba ta zartuwa idan bai kafa mata shaidu ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, domin yana yiwuwa ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa. Aya ta 106 ta Suratul Ma'ida ma shaidu biyu ta ambata.

5.0 Wasiyyi: Sharuɗɗansa da Ayyukansa

Malikiyya ta shar'anta wa wasiyyi ya kasance Musulmi, baligi mai hankali, adali, kuma mai iya aikin. Ba ta shar'anta ya zama namiji ba, kuma makanta ba ta hana shi. Mace tana iya zama wasiyyiya a kan 'ya'yanta, kuma tarihi ya adana cewa Sayyidina Umar ya damƙa kula da waƙafinsa ga 'yarsa Hafsa. Kusancin jini ba ya cikin sharuɗɗan. Sharaɗi na huɗu shi aka fi sakaci da shi, domin mai tsoron Allah da bai san ciniki ba yana iya salwantar da jarin marayu da kyakkyawar niyya.

Ikon naɗa wasiyyi a kan yara yana hannun uba, sannan wasiyyin uba. Uwa tana da shi idan dukiyar kaɗan ce, daga gare ta aka gaje ta, kuma yaran ba su da wani waliyyi. Idan uba bai naɗa kowa ba, al'amarin yana komawa ga alƙali ya naɗa muƙaddami. A asalin mazhaba, kaka da baffa da babban wa ba su da ikon sayar da dukiyar maraya don kawai suna riƙonsa.

Ayyukan wasiyyi sun haɗa da karɓo basussuka, da biyan waɗanda ake bin mamaci, da ciyar da yara gwargwadon dukiyarsu, da fitar da zakkarta. Yana iya ba wani ita ya juya bisa ƙiradi, amma an ƙi ya juya ta da kansa, kamar yadda aka ƙi ya saya wa kansa wani abu daga tarika. Idan wasiyyai biyu ne, ɗaya ba ya yanke hukunci sai da ɗayan. Yana iya janyewa muddin mai wasiyya yana raye, amma idan ya karɓa har mai wasiyyar ya rasu, ba shi da wannan dama. Idan ha'inci ya bayyana a gare shi, alƙali ya tsige shi. Ana karɓar maganarsa a kan abin da ya kashe wajen ciyarwa, amma ba a karɓar da'awarsa cewa ya miƙa wa maraya dukiyarsa sai da shaidu, daidai da umarnin aya ta 6 ta Suratun Nisa'i.

Wani jinkirin ma shari'a ce ta wajabta shi. Idan matar mamaci tana da juna biyu, ana dakatar da rabo har ta haihu. Mai takaba kuma tana da haƙƙin zama a gidan da mijinta ya mallaka har ta cika wata 4 da kwana 10. Ke nan zaman jira ba abin da za a iya kauce masa ba ne, dole a sami amintaccen da zai riƙe dukiya a cikinsa.

6.0 Yadda Al'ada ta Cike Gurbin

Bahaushe ya ce "babban wa magajin uba". Wannan karin magana yana da tushe a tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa suke noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Idan uba ya rasu, babban ɗa ko ƙanin uba yakan ci gaba da jan gandun, domin tsaga gonar nan take zai raunana gidan duka. A wancan yanayi tsarin yana da hikima: gona ba ta ɓuya, maƙwabta sun san iyakarta, kuma marayu suna ci daga amfaninta. Wasu malaman Malikiyya na baya, irin su Shehu Ahmad Dardir a sharhinsa na Muhtasar, sun kyautata a ɗauki irin wannan al'ada kamar naɗi, inda uba ya rasu bai yi wasiyya ba saboda ya dogara da ɗan'uwansa.

Illar tsarin ma tsohuwa ce. A cikin Ihya'us Sunna, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa cikin bidi'o'in gado yadda babban magada yake mamaye tarika duka da sunan shi ne a matsayin uban ƙannensa, da yadda ake hana mata rabonsu. Yanzu da dukiya ta koma kuɗin banki da filayen birni da motocin haya, shaidar maƙwabta ta daina tsare ta. Fili yana iya sauya hannu sau biyu kafin maraya ya san da shi.

Abubuwa uku ne suke hana Bahaushe naɗa wasiyyi. Na farko camfi: ana ganin rubuta wasiyya kamar kiran ajali ne, duk da cewa kowa ya yarda mutuwa rigar kowa ce. Na biyu kunya: wanda ya tsallake wansa ya naɗa amininsa ko matarsa, kamar ya zargi wan ne da rashin amana. Kunyar nan ce kuma take hana gwauruwa ta tambayi wan mijinta lissafi, take hana ɗa ya ce wa baffansa "nawa ya rage?" Na uku gudun hukuma: tun zamanin da alƙalai ke cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, daga tarikar da suka raba, kai gado gaban alƙali ya zama abin da gida ke ƙyama, har ana kallon wanda ya yi haka a matsayin mai tona asirin dangi.

7.0 Inda Dokar Ƙasa ta Shigo

Nijeriya ta gaji dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ta ba mutum 'yancin raba dukiyarsa yadda ya so, muddin ya rubuta ya sa hannu a gaban shaidu biyu. A shari'ar Yunusa da Adesubokan, Mai Shari'a Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya yanke cewa wasiyyar Musulmi ba za ta ƙetare iyakokin Malikiyya ba. Kotun Ƙoli ta warware wannan hukunci a 1971, ta ce wasiyyar da aka yi bisa dokar 1837 tana nan daram. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi dokokinsu na wasiyya da suka kiyaye hukuncin Musulunci, kuma a shari'ar Ajibaiye ta 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi bisa dokar jihar Kwara. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya wasiyya da gado da waƙafi da kyauta da riƙon marayun Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha.

A aikace, inda iyali suka fi cin karo da doka shi ne banki da fansho. Mutane da yawa suna zaton wanda aka rubuta sunansa a gurbin ɗan'uwa mafi kusa a takardar banki ko ta aiki shi ne mai kuɗin. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, ba ya mallaka masa komai, kuma kuɗin suna cikin tarika. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ana sakin kuɗin ma'aikacin da ya rasu ne bayan an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Iyalin da ba su da wasiyyi sai sun fara daidaitawa a kan wanda zai nemi wannan takarda, kuma a gidan da ke da ɗakuna uku ko huɗu wannan daidaitawa ita kanta shari'a ce.

8.0 Abin da Takardar Wasiyya za ta Ƙunsa

Daga bayanan da suka gabata, takardar da za ta amfani iyali tana buƙatar waɗannan abubuwa:

i. Jerin kadarori da wuraren da suke, da inda aka adana takardunsu.
ii. Basussukan da ake bin mai wasiyya da waɗanda yake bi, har da ragowar sadaki da zakkar da bai fitar ba.
iii. Amanar mutane da ke hannunsa, da dukiyar matansa da ta cakuɗa da tasa.
iv. Sunan wasiyyi bayan an nemi yardarsa, da na wanda zai maye gurbinsa, da fayyace ko aikinsa ya haɗa da riƙon dukiyar yara.
v. Wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, ga waɗanda ba magada ba, musamman jikoki marayu da agola da ɗan riƙo.
vi. Bayani ƙarara cewa sauran dukiya za a raba ta bisa shari'ar Musulunci.
vii. Kwanan wata da sa hannu a gaban adilai biyu waɗanda ba su da rabo a cikin wasiyyar.

Mai wasiyya yana da ikon sauya ta ko soke ta muddin yana raye, saboda haka ya dace ya sabunta ta idan ya yi aure ko haihuwa, ko ya sayi wata kadara ko ya sayar.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa fiƙihun da Hausawa suke karantawa ya tsara zangon da ke tsakanin rasuwa da rabo dalla-dalla: ya jera haƙƙoƙi, ya faɗi wanda zai riƙe dukiya, ya ɗaure shi da shaidu da sa idon alƙali. Al'ada ta ɗauki darasin sulusi da tumuni, ta bar babin wasiyyi a cikin littafi, ta maye gurbinsa da girman shekaru. Tsarin ya yi aiki lokacin da dukiya take gona da garke, amma ya gaza ɗaukar nauyin dukiyar takarda. Ana ba da shawara malaman zaure da masu wa'azi su riƙa karantar da babin wasiyya tare da na mirasi, kuma a samar da samfurin takardar wasiyya da Hausar boko da ta ajami. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai fage a buɗe: tattara kalmomin gado na karuruwan Hausa daban-daban, da nazarin tsofaffin rajistocin kotunan alƙalai don gano su waye aka riƙa naɗawa a kan dukiyar marayu, da irin ƙarar da aka riƙa kawowa a kansu.